Jif ɗin Baba da A-kori-kurar Mai Fenti

Yaya, ki gafarce ni da na ɗora miki karatun waɗannan takardu, ga ciwon idonki, ga hidimar mai jego da kike yi a can. Ban rubuta su don kowa ba, don kaina ne, a kwanakin da ba ni da wanda zan faɗa wa, ko da yake a raina da ke nake magana. Amma magana ta zo kan jif ɗin marigayi Babanku, rabinta kuma naki ne, rabi na ƙaninki Malam, maigidana. Na ga in na taƙaita miki ta waya zan rage wani abu ko in ƙara, shi ya sa na ce 'yarmu Auta ta ɗauki hotonsu yadda suke ta turo miki. Inda kika ga na soke, kuskuren rubutu ne.

Litinin, bayan la'asar

Mun dawo da Malam gida daga asibiti. A jif muka ɗauko shi, babban ɗanmu Injiniya na tuƙi, shi yana kwance a kujerar baya, kansa a cinyata, ni kuma da ɓawon lemo a hannu kamar yadda na saba in zan shiga motar. Duk ramin da muka faɗa sai ta sunkuya ta miƙe a hankali, kamar ta san wanda ta ɗauko. Na gode mata a zuciyata, sannan na gyara niyya, don Wanda ya hore ta ake gode wa.

Na mayar da kofin shayinsa gefen hagu na gado, tunda ɓarin damansa ne ya shanye. Ya dubi kofin, ya dube ni, ya juya fuskarsa bango.

Ya ci abinci kaɗan. Alhamdu lillahi.

Laraba, da hantsi

Likitar gashin ƙashi ta zo. Ta ce dole ya riƙa takawa: yau bakin ƙofar ɗaki, gobe tsakar gida, gaba kaɗan ƙofar gida. Ta roƙe shi, ta yi masa wasa, ta kira shi Baba, bai ko waiwayo ba. Da na raka ta waje ta rage murya ta ce, "Mama, makonnin nan su ne. In ƙafar ta saba da kwanciya yanzu, tayar da ita daga baya zai yi wuya."

Na ce to. Na tsaya a bayan ƙofa har fuskata ta dawo daidai, sannan na koma ciki.

Auta ce kaɗai ke zuwa lambu yanzu. Ruwa ya sauka, masu gonaki sai waya suke, kowa na son dashensa na mangwaro da lemo da gwaiba.

Alhamis, bayan azahar

Yau an yi faɗa a kicin, amma da raɗa, don kada Malam ya ji. Ban taɓa ganin mutum biyu sun yi fushi da juna a hankali haka ba.

Auta ta dawo da dashe a hannu, kansa a karye. Ta ce, "Umma, duba. Rufin jif ɗin nan ya yi musu ƙasa. Baba yana kwantar da su a karkace ya ɗaure da tsumma, ni hannuna bai iya ba. Sawu kan sawu nake yi, kowane sawu sai na yi asara."

Injiniya ya ce, "Sai ki koya."

Ta ce, "Zo ka koya min mana, Injiniya. Ko sai ka gama haɗa rediyon Baba da ka kwance tun kana firamare?"

Kin san daga rediyon nan ya samo sunan. Har yau in aka ambata sai kunnuwansa su motsa.

Ashe maƙwabcinmu Mai Fenti ne ya tare Auta da magana. Iyalinsa sun yi wa a-kori-kurarsa yawa, gaba mutum biyu take ɗauka, yara kuma ba za su zauna a baya cikin gwangwanayen fenti ba. Yana son a yi musaya, ya ba mu ita, ya karɓi jif. Ya ce a gwada tukuna, kowa ya riƙe ta ɗan'uwansa na ɗan lokaci.

Injiniya ya ce, "Ranar komawa asibiti fa? A baya za ki sa Baba kamar buhun taki? Kuma motar Kaka ce. Baba kuwa mutum ne da duk safiyar Juma'a da hannunsa yake wanke ta. In ya ji, cewa zai yi mun fara rabon gado yana kwance."

 Na ce masa kada ya sake faɗar wannan kalmar a gidan nan. Ya ce, "Yi haƙuri, Umma."

A ƙarshe suka naɗa ni alƙaliya, wai ni ce ba na son kai. Zan hau kowacce, in ga da idona, sannan in yanke. Sun ce kada Malam ya sani sai ya ƙara ƙarfi. Na ce ba zan fara faɗa masa ba, amma in ya tambaye ni ba zan yi masa ƙarya ba.

Asabar, da hantsi

Bai taka ba. Ya ci abinci. Alhamdu lillahi.

Lahadi, da safe

An yi musayar gwaji. A-kori-kura tana ƙofar gidan Mai Fenti, bayan kwanar layi, inda ba a hango ta daga tagar Malam.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne tarin jif. Shekara da shekaru, kowace safiya sai ta yi tari sau da yawa a ƙarƙashin tagarsa kafin ta yarda ta tashi. Yau babu. Na shiga kicin na yi ta buga tukwane da murafe kamar mai neman wani abu. Da na kawo shayi na tarar yana kallon taga. Ya daɗe yana kallonta.

Bai tambaya ba.

Talata, bayan azahar

Na hau a-kori-kura, hawan farko. Na bar Injiniya wajen babansa.

Tun daga shiga aka fara. Tana da tsayi, sai da Auta ta turo ni ta baya tana cewa, "Bismillah, Umma, sauran kaɗan." Da muka kama hanyar lambu ba kaya a baya, sai ta fara tsalle kamar ɗan akuya. Carbina ya tashi daga cinyata ya faɗa ƙarƙashin kujera. Na yi niyyar karanta abin da na saba karantawa a hanya, amma kowane harafi sai ya fito biyu, na bari don kada in ɓata karatu.

A dawowa kuwa, da aka cika ta, sai ta nutsu kamar ba ita ba. Dashe suna tsaye a layi cikin baƙaƙen ledojinsu, ba wanda aka kwantar, ba wanda ya karye. Abin da jif ke kwashewa yini guda, sawu ɗaya ta ɗauke. Da muka sauke, Auta ta watsa wa bayan ruwa bokiti biyu, shi ke nan ta fita tas.

Don in yi adalci: jif tana da inuwa, tana da laushi, mutum yana iya kwanciya, ruwan sama ba ya taɓa kowa. Tana shan mai, wannan ba gulma ba ce, ko Injiniya ya yarda. Akwai kuma wani abu game da cikinta da ba zan rubuta ba, don Malam yana son ta.

Alhamis, bayan sallar asuba

Na tsinci kaina ina roƙon Allah kada Malam ya tambaye ni zancen mota. Sai da na shafa na gane abin da na roƙa. Mutumin da nake kwana ina tashi da fatan harshensa ya saki, shi nake roƙon kada ya yi magana.

Na sake ɗaga hannu na janye. Na ce ya tambaya, ya tambayi komai, ko faɗa ne ya yi min.

Asabar, da yamma

Yau na yi dariya har na ji kunya.

An kwana ana ruwa. Muka tafi lambu da safe ni da Auta, mota ba kaya. A mashigin rafin nan da ke gab da lambu, tayoyin baya suka fara juyawa a wuri ɗaya suna watsa laka. Mun kafe. Auta ta gwada gaba, ta gwada baya, sai ƙara nutsewa muke.

Ta kashe mota ta dube ni. Ta ce, "Umma, da ƙafafun baya kaɗai take ja, kuma bayan ba nauyi. Nauyi take so."

Na ce, "To ina za mu samu nauyi a nan?"

Ta ci gaba da kallona.

Na ce, "Auta, ni ce na haife ki."

Ta ce, "Shi ya sa na san za ki taimake ni."

Akwai wasu mata uku da ke jiran ruwa ya janye su haye da kwandunansu. Auta ta roƙe su. Babbar cikinsu ta ƙare min kallo ta ce, "Hajiya, in kin hau mun hau. Ke kaɗai ma kin kai biyu a cikinmu." Muka hau, muka zauna daidai saman tayoyi, muka rirriƙe juna. Auta ta tayar, mota ta yi nishi, ta yi wani irin tsalle, sai ga mu a ƙetare. Matar nan ta faɗo jikina, kwandonta ya kife, tumatir ya bi ko'ina. Muna tsinta muna dariya, hawaye na zuba. Na manta rabon da in ji iska a fuskata haka. Daga can sama ana ganin gonaki har inda ido ya tsaya.

Da muka iso lambu muka yi lodi, Auta ta buɗe min gaba don komawa. Na ce ta bari, kada mu sake kafewa. Ta ce, "Yanzu ai akwai kaya, Umma." Na ce duk da haka.

Na biya matar kuɗin tumatirin da ya fashe, ta ƙi karɓa, na sa mata a kwando.

A ƙofar ɗaki na tsaya na share fuskata kafin in shiga, don kada in shigar masa da dariyar da ba shi a ciki. Sai ya dubi gefen zanena. Ashe akwai laka.

Lahadi, bayan la'asar

Injiniya ya ji labarin kafewa, bai ko gama cin abinci ba ya je ya aro jif wajen Mai Fenti, wai alƙaliya ta ga ɗaya ɓangaren. Muka je mashigin nan. Ya tsaya, ya ja ɗan ƙaramin liban da ke gefen giya, wanda ke sa ƙafafu huɗu su ja tare, ya shiga lakar kamar mai shiga falo. Ya haye, ya juyo, ya sake hayewa, ba don komai ba sai don Auta na kallo.

Ya ce, "Kin gani? Ba a nemi mata uku da uwar mutum ba."

Ta ce, "Na gani. Yanzu saka min dashe ɗari a ciki mu gani."

Gaskiya tsohuwar ta burge ni, na rubuta mata wannan. Na dawo da ɓawon lemona ya yi laushi a hannu.

Bai taka ba yau ma. Likita ta ce, "Mama, lokaci na tafiya." Na ce na sani.

Talata, da hantsi



Jiya Auta ta ce bari ta kawo wa Baba ɗaya daga cikin mangwaron da ya yi wa aure da hannunsa kafin abin ya faru, ko zai ji daɗi. Auren ya kama, reshen da ya ɗaura ya fito da sabon toho. Ta ajiye a kan kujera kusa da gado.

Ya daɗe yana kallo. Sai ya miƙa hannun hagu ya kama ganyen sama, ya murza shi a hankali. Bakin ganyen ya bushe ya naɗe, ni ban ma lura ba.

Ya ce, "Iska."

Muka dubi juna ni da Auta.

Ya sake cewa, a hankali, yana neman kowace kalma, "Iska... ta ƙona shi. Wa ya ɗauko... a buɗe?"

Yaya, tun da muka dawo bai haɗa kalmomi haka ba. Na rasa ko in yi kuka ko in yi hamdala. Ga kuma tambayar da na roƙa ta zo. Auta ta fara cewa, "Baba, ai tagar ce..." Na ɗaga mata hannu. Na zauna a bakin gado na faɗa masa komai: Mai Fenti, musayar gwaji, inda ake ɓoye motar, har tukwanen da nake bugawa da safe. Na ce laifina ya fi na yara, don ni ce babba.

Ya juya fuskarsa bango. Kafaɗarsa ta fara girgiza. Auta ta fashe da kuka ta ce, "Baba, wallahi yau za a dawo da ita."

Na leƙa fuskarsa. Dariya yake, da rabin bakin da ke yarda, har da hawaye.

Ya ce, "Tukwane." Ya sake girgiza. Da ya lafa ya ce, "Ina take?"

Na ce jif tana wajen Mai Fenti.

Ya ce, "A'a. Ɗayar."

Auta ta ce za ta kawo ta ƙarƙashin taga ya gani. Allah ya ba ni wani tunani a lokacin, na ce, "Ƙofar gida dai za ta tsaya, Malam. Mai son ganinta sai ya fito." Ya harare ni. Rabon da ya harare ni har na manta daɗinsa.

Laraba, bayan azahar

Bakin ƙofar ɗaki. Ya zage mu da ido duka, amma ya kai.

Alhamis, bayan azahar

Tsakar gida, har gindin igiyar shanya. Ya zauna a kujera yana haki, ya sa Auta ta kawo buhu, ya nuna mata da hannu ɗaya yadda ake jiƙa shi a lulluɓe kan dashe in za a ɗauka a buɗaɗɗiyar mota. Ta ce, "Baba, a ina ka koyi wannan, kai da ba ka taɓa riƙe a-kori-kura ba?" Ya ci gaba da lulluɓe dashen.

Ya cinye abincinsa, ya nemi ƙari. Alhamdu lillahi.

Asabar, da hantsi

Ya kai ƙofar gida. Injiniya a dama, sanda a hagu, ni a baya ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Tana tsaye a rana, duk jikinta ɗigon fenti kala-kala. Ya dafa gefen bayan, ya shafa, ya leƙa ciki, ya auna zurfinsa da hannu. Ya ce wa yara su ba mu wuri.

Ya ce, "Malama. Tun Auta... na goye... nake son irin wannan."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Ke. Kullum... motar nan albarka."

Na ce, "Ai don kai nake faɗa. Na ga duk Juma'a kana wanke ta, har ƙarƙashin kujeru."

Ya ce, "Wari. Taki. Ta yaya zan... je masallaci?"

Na jingina da motar. Na ce, "Malam, warin nan ne ke sa ni jiri. Shi ya sa nake riƙe ɓawon lemo a hanci."

Ya dube ni da kyau ya ce, "Na ɗauka... lemo kike so."

Yaya, kin tuna layin lemon da ya dasa min a bakin lambu, wanda ya hana a sayar da ko ɗaya? Ashe dalilinsa ke nan. Muka tsaya a bakin titi, tsofaffi biyu, muna dariya har mai gyaran keke na tsallake ya daina aiki yana kallonmu. Auta ta leƙo ta ce, "Lafiya?" Na ce lafiya, ta koma.

Daga baya ya ce akwai dalili na biyu, shi ne ke. Motar Babanku ce, kuma a cikinta marigayin ya koya miki tuƙi. Malam ya ji nauyin ya tambaye ki.

Litinin, bayan la'asar

Yau ba daɗi.

Ya ce zai hau. Aka buɗe ƙofar gaba. Ƙafar ta ƙi kaiwa. Aka sa bulo, ya taka, gwiwar ta lanƙwashe, ba don Injiniya ba da ya kai ƙasa. Mutane suna wucewa. Ya ce a mayar da shi ɗaki.

Injiniya bai ce mana "ai na faɗa muku" ba, Allah ya yi masa albarka. Amma kowa ya san jif ta fi ƙasa, kuma tana da mariƙi a saman ƙofa.

Ya juya fuska bango. Bai ci abinci ba.

Talata, da safe

Bai fito ba.

Laraba, bayan azahar

Tun hantsi nake jin guduma daga gidan Mai Fenti. Injiniya bai je ofis ba. Na tambayi Auta, ta ce an hana ta leƙawa, wai za ta sa musu baki.

Na shiga na ce wa Malam, "Ka ji ɗanka yana buga wani abu." Ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ɓoye rediyo."

Alhamis, da yamma

Faffaɗan katakon da Mai Fenti ke takawa in yana fentin bene suka gyara. Sun buga masa ƙananan katakai a gicciye don kada ƙafa ta zame, Injiniya kuma ya yi masa abin dafawa a gefen hagu. Aka sauke murfin bayan mota, aka jingina shi, ya zama gangare mai sauƙi.

Auta ta hau ta yi tsalle a kai, ta girgiza abin dafawar da ƙarfinta. Ta sauko ta ce, "Umma, ki shaida. Yau ya haɗa abu ya tsaya."

Injiniya ya ce, "Rediyon ma saura kaɗan."

Mai Fenti ya cire hula ya gaishe ni, ya ce, "Hajiya, zancen asibiti kuma kada ya dame ku. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ranar ganin likita, makullin jif na hannunku tun da safe."

Na shiga na faɗa wa Malam. Na ce ba gaba zai shiga ba, baya zai hau, inda dashe ke tsayawa.  Ya ce, "Kamar buhun taki?" Ashe raɗar kicin ɗin nan duk a kunnensa aka yi ta. Na ce, "Ni ma can na zauna, kuma ba abin da ya ragu a jikina." Ya ce, "Na ga lakar."

Asabar, bayan la'asar

Mun je lambu. Da shi.

Ya hau katakon a hankali, yana tsayawa yana hutawa, ba wanda ya ce masa ya yi sauri. Aka ɗaure kujerarsa da igiya a jikin kan motar. Na zauna kusa da shi a kan buhu. Auta ta tuƙa kamar mai ɗauke da ƙwai. A mashigin rafi ta leƙo ta taga ta ce, "Yau nauyi ya ishe ni, Allah ya ƙara muku lafiya." Muka haye ba ko tangarɗa.

Tun daga nesa ya fara nuna abubuwa da sanda: can an bar ciyawa, can ledoji sun yi kusa da juna, wancan layin ya sha ruwa da yawa. Auta tana cewa to Baba, to Baba, tana share ido da bayan hannu.

A ƙarƙashin rumfa ya ce a kawo 'yar wuƙarsa ta auren itace. Ya riƙe ta, ya juya ta, ya dubi hannun dama da ke kan cinyarsa. Na ɗauke kaina. Sai na ji ya ce, "Auta, yanka. Malama, ɗaura." Shi ya riƙe gindin dashen da hagu, Auta ta tsaga ta saka reshen, ni na naɗe da leda. Na farko ya ce na matse da yawa. Na biyu ya ce ya yi sako-sako. Na uku kuwa sai ya miƙo hannu a ba shi wani.

A dawowa shi ya duba kowane buhu da kansa, ya tabbatar an jiƙa an lulluɓe. Ko ganye ɗaya bai ƙone ba.

Ya ci abinci, ya yi barci da takalmi a ƙafa. Alhamdu lillahi.

Litinin, da hantsi

Likita ta zo ba ta same shi a ɗaki ba. Yana ƙofar gida, yana hawa katako yana sauka. Ta tsaya tana kallo, ta ce, "Wa ya rubuta masa wannan?" Na ce ba kowa, motar maƙwabci yake sha'awa.

Yara sun tambayi hukuncin alƙaliya. Na ce ko wacce na ga alherinta da idona, jif ta dawo min da shi gida, a-kori-kura ta fitar min da shi daga ɗaki, kuma hukunci ba nawa ba ne, na masu mota ne su biyu.

Mai Fenti yana son amsa kafin Juma'a, don wani ya taya a-kori-kurar. Malam ya ce ba zai ce komai ba sai ya ji daga bakinki. Jiya ya ɗauki waya zai kira ki, ya riƙe ta ya daɗe, ya ajiye. A waya kalmomin suna guje masa, kuma ba ya son ki ji shi haka. Ya ce in rubuta miki. Na ce ai na riga na rubuta.

To Yaya, ga shi kin ga komai. In zuciyarki ba ta saki motar Baba ba, ki faɗa kai tsaye, hakkinki ne, ba wanda zai ji haushi, kuma ya ce in gaya miki haka. In kin yarda, jif ba nisa za ta yi ba, tana bayan katanga, yaran Mai Fenti har sun raba kujeru. Ya ce kuma in kin dawo, kujerar gaba ta a-kori-kura taki ce ke kaɗai, don shi baya zai zauna. Ni ma baya nake so.

Yana can yanzu yana hawa katako a jikin motar da ba tasa ba tukuna. Don Allah ki amsa mana da wuri.